Firist, Fada, Babalawo da Liman: Wane Ne Wane, Kuma Mene Ne Aikinsa?

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu duba wani al'amari da kullum yake gaban idonmu a nan Kudu, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi asalinsa ba, wato shugabannin addinin mutanen da muke zaune a cikinsu. Bahaushen Sabo, ko na Badun ne ko na Shagamu ko Agege ko Anacha, ya raba waɗannan mutane gida biyu kawai. Duk wanda ya gani da doguwar riga da gicciye fasto ne, duk wanda ya gani da tsakiya a wuya da farin alli a goshi boka ne, shi ke nan an gama magana. To amma abin ya wuce nan. Fada daban, fasto daban. Babalawo daban, mai magani daban, masu Oro kuma daban. Kowannensu da hanyar da ya bi ya sami matsayinsa, da aikin da aka ɗora masa, da abin da aka haramta masa, da kuma wanda yake sama da shi. Wanda bai san wannan ba, ran da magana ta taso tsakaninmu da masu gari zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Hausawa kuwa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Kalmar da za mu riƙa amfani da ita ita ce firist, wadda Kiristoci masu karanta littafinsu da Hausa suka saba da ita. Firist shi ne mutumin da aka keɓe don ya tsaya tsakanin jama'a da abin da suke bauta wa. Shi yake shiga inda ba kowa ke shiga ba, shi yake miƙa hadaya a madadin mutane, kuma a ganin mabiyansa idan ba ya nan ibadar ba ta yiwu ba. Idan muka bi tarihi za mu tarar hanyoyi 3 ne ake bi a kai ga wannan matsayi: gado, naɗi, da kuma koyo ko kira. Hanyar da mutum ya bi ita take nuna wanda yake jin maganarsa, don haka da ita za mu auna kowa.

MASU GADO

Mu fara da Bani Isra'ila. A wurinsu aikin firist na gida ɗaya ne, wato zuriyar Annabi Haruna (AS) daga ƙabilar Lawi. Da Ibrananci ana ce wa firist kohen. Komai ilimin mutum, komai tsoron Allahnsa, in dai ba ɗan wannan gida ba ne ba zai miƙa hadaya ba. A Haikalin Birnin Ƙudus kullum ana yanka 'yan raguna 2, ɗaya da safe ɗaya da maraice, ana ƙona turare, ana kula da fitila mai rassa 7, ana kuma canza gurasa 12 kowace Asabar. An raba firistocin ƙungiya 24, kowace ƙungiya ta zo ta yi mako guda ta koma gida. Har duba masu cutar fata aikinsu ne, su suke cewa wane ya warke zai iya komawa cikin jama'a. Akwai kuma wani ɗaki na can ciki wanda babban firist kaɗai yake shiga, shi ma a rana ɗaya tak cikin shekara, ranar da suke kira Ranar Kafara.

Girman ya zo da takunkumi. Firist ba ya taɓa gawa sai ta ɗan'uwansa na jini makusanci, ba ya auren matar da aka saka, ba ya shan giya idan zai shiga aiki, mai naƙasa a jiki kuma ba ya miƙa hadaya. Da aka raba ƙasa tsakanin ƙabilu ba a ba Lawiyawa yanki nasu ba, sai 'yan garuruwan zama, abincinsu daga ushirin jama'a yake fitowa.

Sarki Buktanasar na Babila ya rushe Haikalin farko wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka sake gina shi bayan kimanin shekara 70. A shekara ta 70 Miladiyya kuma Rumawa ƙarƙashin Titus suka rushe na biyun, ba a sake gina shi ba har yau. To ka ga fa, babu Haikali babu hadaya, babu hadaya kuwa ina aikin firist? Wani malami mai suna Yohanan ben Zakkai ya tara almajirai a garin Yabna, aka mayar da hankali ga karatu da addu'a. Daga nan ragamar addinin Yahudawa ta koma hannun rabbi, wato malam, wanda karatu ne yake kai shi matsayin ko ɗan wane ne shi. Har yanzu akwai Yahudawa masu sunan Kohen ko Lebi. Wanda yake kohen shi ake fara kira karatun Attaura a majami'a, yana sa wa jama'a albarka, masu riƙo daga cikinsu ba sa shiga maƙabarta, amma shugabanci ya daɗe da barin hannunsu.

A Farisa ma gado ne. Majusawa, masu bin koyarwar Zaradusht, suna kiran firist ɗinsu mobed, kuma sai ɗan gidan firistoci yake zama shi. Babban aikinsa kula da wutar ɗakin ibada kada ta mutu. Sau 5 a yini da dare yake zuwa ya sa mata itace, sanye da fararen kaya, ya rufe hanci da baki da ƙyalle don kada numfashinsa ya taɓa ta. Masu karatun sira sun san cewa Salmanul Farisi (RA) da ƙuruciyarsa mai tsaron irin wannan wuta ne. Bayan faɗuwar daular Farisa a shekara ta 651, wasu Majusawa sun yi ƙaura zuwa Gujarat a Indiya, inda ake ce musu Parsi, kuma har gobe wutarsu tana ci a garin Udvada.

Su kuwa 'yan Hindu, wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ya ga mutumin nan mai zare rataye a kafaɗa yana karatu yayin da ango da amarya suke zagaya wuta. Wannan shi ne firist ɗin iyali. Akwai kuma na ɗakin bauta, mai tayar da gunki da asuba, ya yi masa wanka, ya sa masa sutura, ya miƙa masa abinci da furanni. Bisa al'ada daga jinsin Birahman suke fitowa, waɗanda suka riƙe haddar littattafan Veda 4 baki da baki na dubban shekaru. Amma gadon ya fara girgiza. A shekara ta 2021 gwamnatin jihar Tamil Nadu ta naɗa firistoci daga wasu jinsuna a ɗakunan bauta da ke hannunta, maganar da ta kai har gaban kotu.

MASU NAƊI

Kiristoci sun ɗauki wata hanya. Ikilisiyoyin farko dattawa ne suke jagorantarsu, kuma daga kalmar Girkanci mai ma'anar dattijo aka sami kalmar firist. Tun ƙarni na 2 aka sami matakai 3: bishop, firist da dikin. Ba a haihuwar mutum firist, naɗa shi ake yi. Bishop ne yake ɗora masa hannu a ka, shi ma bishop ɗin wasu ne suka ɗora masa, suna cewa silsilar tana komawa har ga Hawariyawa.

Firist ɗin ɗarikar Katolika shi ne muke kira Fada. Shi yake jagorantar babbar ibadarsu ta gurasa da ruwan inabi, wadda suka ɗauka hadaya ce, kuma in ba shi ko bishop ba babu mai yin ta. Yana yin baftisma, yana shaida aure, yana shafa wa majinyaci mai, yana jagorantar jana'iza, yana kuma sauraron masu zuwa su furta zunubansu. A nan akwai doka mai tsanani: abin da aka faɗa masa a wannan zama ba zai faɗa wa kowa ba, ko alƙali ko ɗan sanda, in kuwa ya tona to ya fita daga zumuncin ikilisiya. Maganar rashin aure ta daɗe ana ja-in-ja a kanta, sai a babban taron da aka yi a Rum a 1139 aka yanke cewa auren firist ɓatacce ne. Kiristocin Gabas, irin su Girkawa da Rashawa da Ƙibɗawan Masar da Habashawa, ba su bi wannan ba. A wurinsu mai aure yana iya zama firist in ya yi auren kafin naɗi, bishop ne dai ba a ɗaukowa daga masu mata. A 1563 wani taron da aka yi a garin Trent ya wajabta gina makarantun horar da firistoci. Irinsu ne wadda take Bodija a Badun da ta Bigard a Inugu, inda saurayi yakan shafe shekara 8 ko fiye bayan sakandare kafin a naɗa shi. Abin lura a nan shi ne Fada ba mai gaban kansa ba ne. Bishop ne ya turo shi, bishop ne zai ɗauke shi, bishop kuma yana ƙarƙashin Fafaroma.

A 1517 wani Fada Bajamushe mai suna Martin Luther ya tayar da ƙayar baya. A 1520 ya rubuta cewa duk Kiristan da aka yi wa baftisma firist ne, wanda yake tsayawa gaba kuwa aiki kawai jama'a suka ba shi. A 1525 ya yi aure don ya tabbatar da maganarsa. Daga wannan reshe aka sami fasto, kalmar da asalinta na Latin yake nufin makiyayi. Fasto mai wa'azi ne da koyarwa, yana aure yana haihuwa. Angalikan, waɗanda a nan aka fi sani da 'yan CMS, sun tsaya a tsakiya: sun riƙe bishop da firist, sun kuma halatta musu aure.

Ta hannunsu ne aka sami Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe ɗan Oshogun, wanda aka kama bawa a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya 'yanta shi a 1822, aka sauke shi a Saliyo. Yana cikin ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Schön, Bajamushen da daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862. An naɗa Crowther firist a 1843, ya zama bishop a 1864, baƙar fata na farko a ɗarikarsa, ya rasu a Legas a 1891. Katolika sun jinkirta, sai a 1920 suka naɗa ɗan Nijeriya na farko, Paul Emecete, sai kuma 1976 aka sami Kadinal na farko, Dominic Ekandem.

Masu farar riga da muke ji suna kaɗa ƙararrawa da asuba kuwa, su ne Aladura, wato masu addu'a. Moses Orimolade ya kafa Kerubim da Serafim a 1925, Joseph Babalola ya yi shahararren wa'azinsa a Ilesha a 1930, Samuel Oshoffa kuma ya kafa Celestial a Porto-Novo a 1947. Waɗannan shugabanni ba makarantar Turawa ce ta naɗa su ba, cewa suka yi an kira su ta mafarki ko wahayi. Haka ma yawancin cocin zamani. Wasu suna da tsari mai ƙarfi, kamar Redeemed da aka kafa a 1952, masu babban filin taron nan na hanyar Legas zuwa Badun da direbobinmu suka san cunkosonsa. Wasu kuwa, irin ƙananan da suke kama shago a lungu, faston shi ne wuƙa shi ne nama, babu kowa a samansa.

MASU KOYO DA MASU TSARON AL'ADA

Yanzu mu zo ga masu masaukinmu. Kalmar babalawo tana nufin uban asiri, kuma shi firist ne na Ifa. Yaro yakan zauna wurin maigidansa shekaru masu yawa yana hadda kafin a sallame shi. Kayan aikinsa ƙwarar manja 16, da faifan katako da ake barbaɗa wa gari, da wata sarƙa mai ɓawon 'ya'yan itace 8 da suke kira opele. Idan ya buga, ɗaya daga cikin alamomi 256 da ake kira odu za ta fito, manyansu 16 ne. Kowace alama tana da labarai da baitoci masu yawa da ya haddace, sai ya karanto wa mai tambaya, ya faɗa masa irin hadayar da zai yi. Masana sun lura cewa bugun ƙasa da wasu suke yi a Arewa shi ma gidaje 16 gare shi. Shugaban babalawo na gari shi ne Araba, cibiyarsu kuma tana Oke Itase a Ile-Ife. A garuruwa da dama sai an tambayi Ifa kafin a zaɓi sabon sarki. Cinikin bayi ya kai wannan ilimi har ƙasar Kuba, inda akwai babalawo har yau, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta sa Ifa cikin al'adun duniya da ake adanawa. Mai haɗa saiwa da ganye kuwa onishegun ake ce masa, aikinsa magani ne, ko da yake wani yakan haɗa biyun.

Kowane abin bauta na Yarbawa da nasa masu hidima. Na Shango sukan yi kitso kamar mata. A Oshogbo, lokacin bikin Oshun na watan Agusta, wata budurwa daga gidan sarauta da ake kira Arugba ita take ɗaukar ƙwaryar hadaya zuwa bakin kogi. Amma waɗanda suka fi shafar mu su ne masu Oro. Oro ƙungiya ce ta maza zalla, alamarta wani ƙugi da ake ji cikin dare, wanda ake yi da ɗan katako ɗaure a igiya ana wulwulawa. A zamanin da, a ƙasar Egba da Ijebu da Remo, su ne hannun da majalisar dattawa take zartar da hukunci da shi a kan masu manyan laifuffuka, su ne kuma masu tsarkake gari. Ƙa'idarsu ita ce mace ba ta ganin Oro, haka ma namijin da ba a shigar da shi ba. Irin wannan doka ce take kan dodon Oloolu na Badun. Masu Oro ba su da bishop, amma suna da shugabanni, kuma a yawancin garuruwa daga fadar sarki ake fitar da sanarwar ranakun fitowarsu.

A ƙasar Ibo, inda yawancin garuruwa ba su da sarki a da, nauyin firist ya fi haka. Eze Nri sarki ne kuma firist, ba shi da sojoji ko kaɗan, amma manzanninsa suna ratsa garuruwa ba mai taɓa su, suna wanke ƙasa idan an aikata abin ƙyama, suna sasanta masu faɗa. Turawan mulki sun tilasta masa sakin wannan iko a 1911, kamar yadda suka kai yaƙi suka rushe matsafar Arochukwu a 1901 zuwa 1902. A ƙauyuka akwai firist na Ala, wato uwar ƙasa, mai riƙe da sandar ofo da ake rantsuwa da ita, kuma ba a cin sabuwar doya sai an yi bikinta. Dibiya shi ne mai duba da magani.

TO MU FA?

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar Hausa ba ta san firist ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe na dutsen Dala, mai tsaron Tsumburbura. Shi kaɗai yake shiga shingen da aka kewaye wurin da shi. Idan lokaci ya yi jama'a su taru da baƙaƙen dabbobi, ya shiga cikin dare, ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar. Duk siffofin firist da muka lissafa a sama ga su nan a jikinsa. A zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, aka naɗa liman da ladan da alƙali da mai yanka. Ka lura da yadda aka rarraba ayyukan, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake da ɗakin da shi kaɗai yake shiga.

Dalili kuwa shi ne Musulunci bai zo da firist ba. Duk wanda ya yi karatun Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya san sharuɗɗan liman: Musulmi namiji, baligi, mai hankali, wanda ya san karatu da hukuncin salla. Matafiya 3 a tashar mota sai su tura wanda ya fi su karatu gaba, sallarsu ta yi. Maigida da hannunsa yake yanka ragon layyarsa. Aure waliyyi da shaidu da sadaki da siga suke ƙulla shi, liman albarka yake sa wa da tabbatar da an bi ƙa'ida. Mai zunubi kuma tsakaninsa da Ubangijinsa yake tuba. Abin da ya fi kama da gado shi ne riƙon mabuɗin Ka'aba, wanda Manzon Allah (SAW) ya bar wa Usman ɗan Ɗalha ranar buɗe Makka a shekara ta 630, yana kuma hannun danginsa Bani Shaiba har yau. Shi ma wannan amanar tsaron ɗaki ce, ba ta sa ɗawafin kowa ya rataya a wuyansu ba.

Wannan bai rage wa malamai daraja ba, ballantana a zaman baƙunci. An kafa Sabon Badun a 1916. A 1952 Hausawan unguwar suka fara sallar Juma'a a masallacinsu, a daidai lokacin da ɗarikar Tijjaniyya take bazuwa a cikinsu. Wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar ya wallafa littafi a 1969, ya nuna cewa amanar da ta riƙe fataucin goro da shanu, inda ake ba da dukiya mai yawa bashi da fatar baki, ta jingina ƙwarai a kan masallaci da malamai. Sai dai akwai abin tsoro. Zuciyar ɗan Adam tana son ta mayar da malami firist. Idan limanci ya zama gadon da ba a duba karatu, idan mutum ya ga addu'arsa ba ta hawa sai ya biya wani, to mun koma gidan jiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu da yawa a kan miyagun malamai masu cin abinci da addini, kuma rigingimun limanci da suke raba kan wasu unguwanninmu suna nuna gargaɗin bai tsufa ba.

AMFANIN SANIN WANNAN

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da Araba ko bishop? Mutanen Shagamu za su ba shi amsa. A watan Yulin 1999, lokacin bikin Oro, aka kashe wata mata Bahaushiya da aka ce ta fito cikin dare. Kafin a ankara gari ya kama da wuta tsakanin Hausawa da Yarbawa, mutanen da kakanninsu suka yi cinikin goro tare. Rayuka da dama sun salwanta, aka ƙona gidaje da shaguna, bayan 'yan kwanaki kuma ramuwar gayya ta tashi a Kano, ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Babu al'adar da ta halatta kisan rai, kuma doka tana sama da kowa. A 2018 wata babbar kotun jihar Ogun da ke zama a Ipokia ta haramta wa masu Oro hana mutane fita da rana, ta taƙaita su ga tsakar dare. Amma hukuncin kotu ba ya dawo da wanda ya mutu, rigakafi kuwa ya fi magani.

Saboda haka muna ba shugabannin ƙungiya da fadar Sarkin Hausawa shawara. A riƙa samun ranakun Oro da na fitowar dodanni daga fadar sarkin gari tun da wuri, a yi shela a masallatai bayan kowace salla, a kuma kai saƙon tashar mota da kara da kasuwar gwari, domin 'yan ci-rani da 'yan acaɓa da suke sauka cikin dare su ne ba su san dawan garin ba. Idan matsala ta haɗa mu da cocin Katolika ko na Angalikan, kamar ta fili ko ta lasifika, a fara da Fada ko Rabaran, in ta gagara akwai bishop. In ƙaramin coci ne mai zaman kansa, a nemi shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na ƙaramar hukuma. In ta masu gargajiya ce, ƙofarta fadar sarki. Ya kamata limamanmu su san waɗannan mutane ido da ido tun ana zaman lafiya, don ranar da hankali ya tashi ba ranar fara gabatar da kai ba ce.

Sanin addinin maƙwabci ba bin sa ba ne, kowa da nasa. Amma wanda ya san inda maƙwabcinsa yake ɗaura girma ba zai taka shi cikin rashin sani ba, shi ma kuma zai sami bakin neman a girmama nasa. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya shiryar da limamanmu da malamanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.